Sintirin Matasa da Darasin Hilful Fudul

Kisan masallata a Unguwar Mantau ta Malumfashi, da asubahin 19 ga Agusta 2025, ya sake tayar da maganar sintirin matasa a yankinmu, har nan Danja. Tsaron gari abin yabo ne, amma da sharaɗi.

Manzon Allah (SAW) yana matashi ya halarci Hilful Fudul, alkawarin da aka ƙulla na tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ko da baƙo ne. Ɗan sa-kan da ya kashe Bafillace a kasuwa bisa zato ya saɓa wa wannan tafarki, kuma manoman tumatir da rake ne ramuwar gayya za ta tarar a gona. Wanda aka kama, a miƙa shi ga hukuma. 'Yan agajin masallatai kuwa su shiga tsakani tun rigimar ɓarnar gona ba ta kai ga jini ba.