Injiniyoyin manhaja ƴan Nijar a waje: albashi na shigowa, amma takardar zama ke sa ranar aure

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai ɗan da ake cewa "yana aikin kwamfuta a waje". Shi ke aiko kuɗin magani, shi ke biya wa ƙanne makaranta, kuma shi ne ake tsare uwarsa da tambaya a kansa wajen biki: wai har yanzu bai aje iyali ba? Amsar da aka saba ji ita ce aiki ya yi masa yawa. Aikin kam da yawa. Sai dai abubuwan da suka faru daga 2022 zuwa yau, tun daga korar ma'aikata a manyan kamfanonin fasaha har zuwa rufe wa ƴan Nijar ƙofofin biza, sun nuna cewa abin da ke riƙe waɗannan matasa ya wuce gajiya. Takardar zamansu na rataye da aikin, aure da ziyarar gida kuma na rataye da takardar.

A Faransa, inda ɗaliban Nijar da yawa suka ƙare karatu suka kama aiki, doka ta sa awa 35 a mako. Amma injiniyoyi da dama kwantiraginsu kwanaki yake ƙirgawa, har 218 a shekara, ba ruwansa da ƙarfe nawa aka tashi. Ga kuma makon jiran kira, inda mutum ke kwana da waya kusa da kunne, don idan manhajar banki ko ta kanti ta tsaya da ƙarfe ukun dare shi za a tasa. Tun Janairun 2017 dokar ƙasar ta amince ma'aikaci na da haƙƙin kashe waya bayan tashi daga aiki. Baƙon da ke cikin watannin gwaji, wata huɗu da ake iya sabuntawa su kai takwas, ba kasafai yake taɓa wannan haƙƙi ba. A cikin waɗannan watanni mai gidan haya na ɗari-ɗari da shi, banki ba ya ba shi bashi, kamfani kuma na iya sallamarsa ba tare da dogon bayani ba.

Tsoron ya ƙaru tun da Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, sannan a Janairun 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. A Amurka, mai bizar H-1B da aka kora kwana 60 kacal gare shi ya samu wani kamfani, ko ya tattara kayansa. Faransa ta fi sauƙi, tunda akwai kuɗin marasa aiki kuma ba nan take ake karɓe takarda ba. Duk da haka mai takardar "ma'aikaci" idan zai canza wuri sai sabon kamfanin ya nemo masa sabon izinin aiki, kuma ba kowane kamfani ke son wannan wahala ba. Zuwan manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Copilot, masu rubuta ƙananan ayyukan da sabon ɗauka ke koyon sana'a da su, ya sa wanda ya samu kujera ƙara riƙe ta da hannu biyu.

Batun aure ne ya fi nuna yadda abin yake sarƙe. Dokar ƙwadago ta Faransa ta ba ango hutun kwana huɗu, sai ya haɗa da makonni biyar na shekara, abin da zai ishe shi ɗaurin aure da biki a Maraɗi. Kawo amarya shi ne aikin. Ta hanyar da aka saba, sai ya yi wata 18 a ƙasar bisa ƙa'ida, ya nuna ya shekara yana samun aƙalla mafi ƙarancin albashi, ya kuma nuna gida mai faɗin da aka ƙayyade, sannan ya jira amsa watanni. In an amince, sai amarya ta nemi biza. A nan siyasa ta shigo: bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023 Faransa ta daina ba da biza a Yamai, a Janairun 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta. Yarinyar da wataƙila ba ta taɓa wuce Konni ba, yanzu sai an nema mata hanya ta wata ƙasa, da kuɗin jirgi, da masauki, da wanda zai raka ta.

Akwai gajeriyar hanya, wato katin ƙwararru mai kai wa shekara huɗu, wanda ke ba mata ko miji damar biyowa ba tare da jiran wata 18 ba. Sharaɗinsa babban digiri da albashin da ya kai wani mataki. Shi ya sa neman ƙarin albashi a wurin waɗannan matasa ba kwaɗayi ba ne kamar yadda wasu ƴan uwa ke zato, domin ƴan ɗaruruwan yuro a wata na iya raba mai zama da matarsa da mai magana da ita ta WhatsApp. Hanya mafi sauri ta samun ƙarin kuwa ita ce canza kamfani, wadda ke mayar da mutum cikin watannin gwaji daidai lokacin da yake buƙatar nuna wa hukuma cewa aikinsa tsayayye ne. Ga mace injiniya lissafin ya fi zafi, don gida ba ya yi mata haƙurin da yake yi wa ɗan'uwanta, kuma ba kowane dangin miji ke yarda ɗansu ya bi mata da takardarta ba.

Rasuwa ba ta ma jiran lissafi. Doka ta ba da kwana uku idan uwa ko uba ya rasu, a gida kuwa kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Jiragen Air France ba su ƙara sauka Yamai ba tun Agustan 2023, saboda haka sai an zagaya ta Kasabalanka, Istanbul ko Adis Ababa, sannan a hau bas a yi sama da kilomita 600 zuwa Maraɗi, kusan 900 zuwa Damagaram. Mai sa'a ya riski sadakar bakwai. Wanda takardarsa ta ƙare yana jiran sabuwa ta dandalin intanet na ANEF, wanda hukumar kare haƙƙin jama'a ta Faransa da kanta ta soki tangarɗarsa a ƙarshen 2024, sau da yawa ta waya yake karɓar gaisuwa, don gudun kada ya fita ya kasa komawa.

Na Amurka sun fi shiga tsaka mai wuya. A Satumban 2025 gwamnatin Trump ta ɗora dala 100,000 kan sabbin buƙatun H-1B na waɗanda za a ɗauko daga waje, a Disamba kuma ta sa Nijar, Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka hana wa ƴaƴansu shiga, daga 1 ga Janairun 2026. Masu katin zama na dindindin ba ya shafe su. Amma wanda hatimin bizarsa ya ƙare yana cikin ƙasar, ko da aikinsa na nan daram, zuwa gida na nufin ya bar aikin ke nan.

Ana yawan cewa to su dawo su yi aikin daga nan mana, tunda kwamfuta ba ta san iyaka ba. Agogo ma ya yarda: a lokacin sanyi Yamai da Paris ƙarfe ɗaya suke, sauran watanni tazarar awa guda ce. Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, faranti mai hasken rana na rage matsalar ɗaukewar wuta. Cikas ɗin na wajen kamfanoni, waɗanda saboda haraji, inshora da tsaron bayanan abokan cinikinsu ba sa barin ma'aikaci ya buɗe kwamfutar aiki daga wajen Turai fiye da ƴan makonni, in ma sun bari. Doguwar rashin zama a can kuma na iya hana sabunta takardar.

Shi ya sa da yawa ke ɗage komai har sai sun samu fasfo na biyu, abin da dokar Nijar ta halatta tun 2014. A Faransa ana iya nema bayan shekara biyar, ko biyu ga wanda ya yi karatun jami'a a can. Daga 2026 an tsaurara gwajin harshe, abin da bai cika damun wanda ya yi bakalorea da Faransanci ba. Sharaɗin da ya fi cizo shi ne na iyali: hukuma na duba ko rayuwar mai nema ta tattara a Faransa, kuma tana iya ƙin karɓar buƙatar wanda matarsa ko ƙananan ƴaƴansa ke zaune a wata ƙasa. Saurayin da ya bi maganar iyaye ya ɗaura aure a Maraɗi, ya bar amarya wurin uwarsa kafin biza ta fito, yana iya tarar da cewa auren ne ya ja masa jinkirin fasfon da yake jira don ya kawo ta cikin sauƙi.