Kulle Shi Kaɗai Ba Ya Tsai da Annoba

Ran 16 ga Afrilu, 2020, Gwamna Ganduje ya kulle Kano saboda annobar korona, ran 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu. Duk da haka Ministan Lafiya ya ce mutum 979 suka rasu cikin birni da kewaye a kwanakin nan, rabinsu ko fiye ana zaton ciwon ne.

A Wuhan ta ƙasar Sin an tsare mutane kwana 76 ciwon ya lafa, gama har unguwa ake kai musu abinci. Mu kuwa a Kura da Bunkure, manomin rani ba shi da halin zaman ɗaka. Shukar da ke shan ruwan Tiga ba ta jiran a ɗage doka, tumatirin da ya nuna kuwa in ba a kai shi kasuwa ba sai ya ruɓe.

Saboda haka muna ganin kulle yana rage wa ciwo gudu, watau likitoci su sami sararin shiri, amma ba ya kawar da shi. Agana ma lamba ce ta yi maganinta. In wata annoba ta ɓullo, Allah ya kiyashe mu, wajibinmu ne mu tuna wa hukuma ta tanadar wa talakawa hatsi tukun, kana ta rufe hanya.