Wasiƙa Zuwa ga Tafintoci da Masu Fassara a Kan Kalmar Sha ta Ingilishi



Ya ku 'yan'uwana ma'abota fassara, na gidajen rediyo da na jaridu, da ku masu tafinta a kotuna da asibitoci, nufina da wannan takarda shi ne in jawo hankalinku ga wata kalma ta Ingilishi wadda, da yake tana cikin kalmomin farko da ake koya wa yaro a firamare, kowa ke zaton ya gama saninta, alhali kuwa takan kayar da gwani a inda bai yi tsammani ba. Kalmar ita ce "drink", wadda muka saba mayarwa "sha" nan take.

Ita dai wannan kalma 'yar gida ce a harshen Ingilishi, ba ta aro ba, domin ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da kewayenta zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 da ita suka zo a bakinsu. A tsohon Ingilishi "drincan" ake cewa, kuma har gobe Bajamushe "trinken" yake faɗi, mutumin Holan kuwa "drinken". Daga wannan tushe ne aka ciro "drunk", wanda a ilimin sarfu ismul maf'uli ne kawai, wato abin da aka shanye, amma ya zama sunan wanda giya ta bugar. Daga tushen nan kuma aka sami "drench", wanda ma'anarsa ta fari ita ce shayarwa, kamar yadda mu ma muke gina shayar a kan sha. Makiyayan Ingila har yanzu da ita suke nufin ɗura wa dabba magani, ko da yake a bakin sauran jama'a ta koma jiƙewa sharkaf.

Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmomi masu asalin Latin suka yi ta kwarara, har Ingilishi ya wayi gari da suna biyu ko uku ga abu guda, ɗaya na talaka, ɗaya na malami. Ta wannan hanya "beverage" ta shigo, daga fi'ilin Latin "bibere", wato sha. Daga wannan fi'ili kuma "imbibe" take, wadda aka fara amfani da ita a ƙarni na 14 da ma'anar jiƙa abu har ya tsotse ruwa, daga baya ta ɗauki ma'anar sha, ta kuma hau matakin majazi, ana nufin mutum ya ɗauki ilimi ko aƙida har ta ratsa shi. Wanda ya karanta tafsirin Suratul Baƙara ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin da irin wannan siga ce aka siffanta yadda son ɗan maraƙi ya shiga zukatan Bani Isra'ila. Abin lura kuma, "potion" da "poison", wato maganin sha da guba, duk daga kalmar Latin guda suke, wadda ba ta nufin komai face abin sha. Larabci ma ya ba da nasa gudummawar, don kuwa "syrup" da "sherbet" daga tushen shariba suka fito. Sai dai a nan ina gargaɗinku da kada kamannin sauti ya ruɗe ku ku ce "sha" ɗinmu ma daga shariba take: 'yan'uwan Hausa na dangin harsunan Chadi, irin su Bolanci da Ngizimanci, suna da "sa" da wannan ma'ana, kuma wannan dalili ne cewa gadonmu ce tun kafin cuɗanya da Larabawa.

To, duk wannan ilimin ishtiƙaƙi yana da daɗi, yana kuma buɗe basira, amma ba shi ke yanke hukunci ba a lokacin da kuke gaban takarda ko gaban alƙali. Abin da ke yanke hukunci shi ne jimlar da kalmar ta zauna a ciki, da al'adar mutanen da suka furta ta. Babbar mas'ala a nan ita ce, Bature idan ya ambaci fi'ilin "drink" bai kawo maf'uli ba, galibi giya yake nufi. Idan likita ya tambayi majinyaci da kalmar haka tsurarta, ko lauya ya tambayi direban da ya yi haɗari, ba maganar ruwa ko kunu ake yi ba, tafintan da ya ce wa mutum "kana sha?" ya bar shi cikin shubuha, shi kuwa ya amsa da "i" cikin gaskiyar zuciyarsa, yana nufin shayi, ya jawo an rubuta masa shaidar da bai bayar ba. Lalle ne a ce "kana shan giya?", ko "ka sha barasa kafin ka hau mota?", a fili. Na san kunya tana hana wasunmu furta wannan ga dattijo ko ga matar aure, kuma kunya ado ce, amma tafinta amana aka ba shi, ba shi da ikon tausasa tambayar da ba tasa ba. Yana iya gabatar da "gafarta malam" ko "a yi mini afuwa, Hajiya", sannan ya faɗi magana yadda take. Haka nan idan labari ya ce an kama wani da laifin da Turawa ke haɗa sha da tuƙi a cikin sunansa, "tuƙi cikin maye" shi ne Hausarsa.

Ɗaya ɓangaren kuma, wanda a ganina ya fi yi wa harshenmu ɓarna, shi ne inda Hausa ke cewa sha amma Ingilishi ba ya faɗin haka. Bature ɗaukar magani yake yi, mu kuwa sha muke yi, ko da ƙwaya ce busasshiya. Saboda haka duk sanarwar lafiya da ta ce "a ɗauki magani sau uku a rana" ta umurci mutane da abin da ba zai warkar da kowa ba. Bature cin mangwaro da lemo yake yi, mu sha muke. Rake ma sha ake yi. Muna shan iska, muna shan wahala, muna shan alwashi, ƙungiya takan sha kashi a fili, mai azumi yana jiran shan ruwa ko da da dabino zai fara, wanda ya ɓata fuska kuwa an ce ya sha kunu. Mai fassarar da ya tsare "sha" ga abin da Ingilishi ya yarda a sha kaɗai, ya zama kamar mai gona goma da ya killace kansa a kuyya ɗaya. Taba ita ce shaida mafi kyau a kan cewa wannan iyaka al'ada ce ta sanya ta: a farkon ƙarni na 17, lokacin da taba ta yaɗu a Ingila, su kansu Turawan shan taba suke cewa da wannan fi'ili nasu, kamar yadda mu da Larabawa muke faɗi har yau, daga baya ne suka koma ga kalmar hayaƙi.

Game da ƙamus kuwa, kada ku wadatu da na aljihu mai ba da kalma ɗaya a madadin kalma ɗaya. Ku duba ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, ku ga yawan misalan da aka tattara a ƙarƙashin "sha" daga bakin Hausawan wancan zamani; ku riƙe na Roxana Ma Newman na 1990 don juyawa daga Ingilishi, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. A ɓangaren Ingilishi, babban ƙamus na Oxford yana jera ma'anonin kalma bisa tarihinsu tare da shekarun da aka fara ganinsu a rubuce.

Ina roƙonku, musamman manya daga cikinku waɗanda ke duba aikin na baya, duk sa'ad da wannan kalma ta zo gabanku ku tambayi ɗalibanku me aka sha, wa ya faɗa, kuma wa zai ji, kafin ku sa hannu a bar takardar ta fita. Allah Ya yi mana jagora, Ya sa albarka a cikin alƙalumanku.

Haza wassalam, daga ɗan'uwanku a sana'a.