Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Maganar Sharar Zariya

Duk wanda ya cinna wa tulin ɓuntun shinkafa wuta a Zariya, kuɗi ya ƙona. Duk mahaucin da ya kora jinin saniya cikin lambatu, abincin kajin maƙwabcinsa ya zubar. Ba don cin fuskar mai injin casa ko mahauci muka faɗi haka ba, su ne ma mafi ƙarancin laifi a lamarin. Wuri ya cika musu, babu mai zuwa ɗauka, gobe kuma wani zai taru. Laifin yana wuyan waɗanda suka san amfanin abin, suke da ɗakunan gwaji da ofisoshi da hatimin hukuma, amma suka bar mai zubarwa da mai nema suna kwana a ƙaramar hukuma ɗaya ba su san juna ba.

Mu da muke zaune a Unguwar Gabas, muna zirga-zirga tsakanin Samaru da Sabon Gari, kullum muna ganin abin. A nan ana neman inda za a kai garin katako, a can mai kiwon kaji yana neman abin shimfiɗa wa tsakinsa. A nan abin cikin tumbin shanu yana ruɓewa yana tara ƙuda, a can manomi yana lissafin kuɗin buhun takin zamani yana riƙe baki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ɗauko kaya daga nesa ya tashi, abincin kaji ya yi tsadar da ta sa masu kiwo da yawa suka rufe gonakinsu. A irin wannan hali, garin da ke ƙona abin da zai rage masa nauyi, ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Yanzu an fara shirya taruka a otal-otal, ana kawo maganar mayar da sharar wata masana'anta kayan aikin wata, da Turanci mai nauyi, kamar wani sabon ilimi ne da aka sauke daga jirgi. To, a tambayi tsofaffin magina mene ne laso. Idan rini ya ƙare ƙarfi a marina, akan kwashe dagwalon da ya kwanta a gindin rijiyar, a cura shi, a shanya, a ƙona, a daka. Shi ne katsi. Sai a je majema a karɓo gashin jima, wato gashin da aka kankare daga fata. A haɗa su da ruwan dafara, a samu simintin da ake shafe rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa, kuma da shi ake dalaye cikin rijiyar marinar kanta. Sharar marini da sharar majemi suka zama jarin magini. Ita kanta marinar da toka take aiki. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa take, bayan an cire garin da ƙwayar da ake daddawa da ita. Mai matsar man gyaɗa ba ta zubar da tunkuza, ƙuli-ƙuli take yi. Mai surfe tana da mai sayen dusa. Manomi yakan bar wa Bafulatani kara da karmami, shanu su bar masa taki. A karkarar Kano, jakin da ya shigo birni da itace da takin bola yake komawa gona. Babu wanda ya kira taro kafin a yi waɗannan.

Abin da ya sa suka yiwu shi ne kusanci da sanayya. Marini ya san magini, ya san yawan katsin da yake samu, magini kuma ya san ingancinsa da ido. Da gari ya faɗaɗa, injuna suka shigo, sharar ta ninka, sai sanayyar ta tsinke, ba a kuma ɗaura wani abu a madadinta ba.

Misalin da masu taron otal suka fi so shi ne Kalundborg, wani ƙaramin gari a bakin teku a ƙasar Denmak. Ya kamata su riƙa ba da labarin har ƙarshe. A 1972 kamfanin Gyproc, mai yin allon bango da silin, ya ja bututu ya fara sayen iskar gas ɗin da matatar man garin take ƙonawa a banza. Daga baya tashar lantarki ta Asnæs ta fara sayar da tururinta ga matatar da kamfanin magunguna na Novo Nordisk, tana kuma ɗumama gidajen garin da ragowar zafinta. Tokar kwal ɗinta ta tafi wajen masu siminti. Da ta kafa na'urar tace farar wuta daga hayaƙinta a 1993, abin da ya fito ya zama jifsam, farin garin da Gyproc yake sayowa daga nesa a da. Dagwalon masana'antar magunguna kuwa ya zama takin gonakin yankin. Duk wannan ba wani babban tsari aka zana tun farko ba. Ciniki ne tsakanin mutum biyu, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekaru masu yawa, a garin da shugabannin kamfanoni suka san juna, masana'antun kuma suna kusa da juna. Wato abin da marini da magini suka yi, sai dai su sun haɗa da bututu da takardar yarjejeniya.

Yanzu a dubi abin da Zariya take da shi. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana Samaru tun 1922, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Cibiyar NAERLS, wadda aikinta shi ne kai sakamakon bincike ga manoma, tana nan Samaru. Cibiyar fasahar fata ta NILEST, wadda tushenta ya faro a 1964, ita ma a Samaru take. Cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT, da aka kafa a 1988, tana Basawa. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI tana Shika, inda aka fara gonar kiwo tun 1928. Garuruwa nawa ne a Afirka ta Yamma suka tara irin wannan a wuri guda? Ɗalibai sun yi ta rubuta kundayen bincike a kan tokar ɓuntu da iskar girki daga sharar mayanka, an ɗaure su da bango mai kyau, an jera a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da na sassa. Tambayarmu ga shugabannin waɗannan wurare ita ce: cikin binciken nan, nawa ne mai buga bulo a Sabon Gari ya taɓa jin labarinsa da Hausa?

Ga kaɗan daga abin da aka daɗe da sani. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shinkafa shanshera ɓuntu ne. Idan aka ƙona shi da wuta mai ƙa'ida, wadda ba ta wuce awo 700 a ma'aunin zafi ba, tokar da za ta rage mafi yawanta sinadarin silika ne, wanda ke iya maye gurbin wani kaso na siminti a kwaɓi. Mu kuwa simintinmu daga Obajana ko Ashaka ko Sakkwato tirela ke kawo shi. Ɓuntun da garin katako da totuwar masara ana iya matse su su zama curin makamashi ga masu gidan burodi da masu suya, a rage saran itace. Jinin yanka idan aka dafa shi aka busar, kimanin kashi 80 cikin 100 nasa furotin ne, abin da ya fi tsada a abincin kaji da kifi. Ƙashi yana ba da sinadaran da kaza ke buƙata don ƙwarin ɓawon ƙwai. Abin cikin tumbi da kashin shanu idan aka rufe su a rami marar iska suna fitar da gas na girki, ragowar kuma taki ne. Abin da ba a ɗauka ba, ruwan sama ne ke ɗaukarsa. A Samaru gangarensa Kubanni ne, madatsar da jami'a ke sha daga gare ta, kogin da masu lambu ke ban ruwan kayan miya da shi kafin ya faɗa Galma.

A cikin abokan sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta akwai masu cewa maganin abu ne mai sauƙi: a ƙirƙiri manhaja, mai shara ya ɗora hoto, mai saye ya latsa. Muna gaya musu cewa wannan mafarkin rana ne. A aikinmu mun san shiri biyu ba sa musayar bayanai sai an yi yarjejeniya a kan siffar abin da za a aika, da yawansa, da lokacinsa, da abin da za a yi idan ya zo a lalace. Haka shara take. Mai haɗa abincin kaji ba zai canza haɗinsa don buhu biyar na garin jini da ya samu yau ba, alhali bai san ko zai samu jibi ba. Tambayoyinsa huɗu ne: mene ne, nawa ne, yaushe zai riƙa zuwa, me ke cikinsa? Manhaja ba ta da sikeli, ba ta da a-kori-kura, ba ta iya sansana buhu ta ce ya yi fumfuna. Idan an amsa tambayoyin nan huɗu, zauren WhatsApp da lambar waya ma sun isa a fara. Idan ba a amsa su ba, manhajar da ta fi kowace kyau za ta zama kasuwar da ba kowa a cikinta.

Tambaya ta huɗun ita ce mai haɗari, kuma a kanta ne masu ja da mu suke da hujja. Abincin wani gubar wani. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil, daga nan ne aka gano gubar afalatoksin da fumfuna ke haifarwa. Angurya tana ƙosar da saniya, amma akwai sinadari a cikinta da ke cutar da kaza idan ya yi yawa. Dagwalon majemun zamani, irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, yana ɗauke da ƙarfen kuromiyam, wanda bai kamata ya kusanci gonar alayyafo ba. Tsohon batirin mota da ake fasawa a bayan shago dalma yake zubarwa inda yara ke wasa. Duk gaskiya ne. Amma wannan hujja ce ta a buɗe ƙofar ɗakin gwaji. Cinikin yana gudana ko an gwada ko ba a gwada ba. Rufe ido ba ya hana guba shiga buhu.

Su wa suka riƙe cinikin har yau? 'Yan jari bola da 'yan gwangwan, da masu tura kura, da mata masu tara robobi, da dillalan dusa da na kashin kaji. Su ne ke ɗaukar dalma zuwa ga masu zuba tukwane, su kai ƙarfe ga manyan dillalai a loda zuwa masana'antun narkarwa. Suna yi da hannu tsirara, cikin fasassun kwalabe da allurai. Sakayyarsu ita ce a kira su ɓarayi. Akwai ɓata-gari a cikinsu, masu cire marfin kwalabati da wayar lantarki, babu mai musu. Amma marfin kwalabati ba ya narkar da kansa, akwai mai sikelin da ya saya yana sane. A bi shi. Korar dubban masu neman halal saboda laifin 'yan kaɗan kashe gugar da ta rage ne. Kuma muna jin tsoron ranar da harkar za ta yi maiƙo, a ba wani kamfani kwangila, a kori waɗanda suka share hanyar: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da muke nema bai kai kuɗin taro ɗaya a otal ba. Ƙaramar hukumar Sabon Gari, wadda Samaru da Basawa ke cikinta, ta zauna da sarakunan pawa da shugabannin 'yan katako da masu injin casa da na niƙa da masu kiwon kaji da masu buga bulo, a buɗe rijista: wa ke fitar da me, buhu nawa a mako, a wane lokaci na shekara. Ɗaliban da ke neman abin bincike su bi shago-shago da sikeli su cike ta. A karanta ta a rediyo da Hausa. Cibiyoyin Samaru da Basawa da Shika su ware rana ɗaya a mako da ɗan kasuwa zai kawo samfur a gwada masa a kan kuɗi kaɗan, a ba shi sakamako a takarda guda da zai iya karantawa. Hukumar KADGIS mai kula da filaye, idan za ta yanka wa masu sana'a wuri, ta ajiye mai fitarwa kusa da mai buƙata, domin ɓuntu kaya ne mai cika mota ba nauyi, kuɗin mai ke cinye ribarsa tun kafin ya isa. Hukumar kare muhalli ta KEPA ta daina tsayawa a kan tara kaɗai, ta riƙa nuna wa mai zubarwa inda zai kai. A yi wa 'yan jari bola rajista da katin shaida, a ba su safar hannu da takalmi, a tilasta wa masu sikeli rubuta sunan duk wanda ya kawo musu kaya.

Mu kuma masu kwamfuta, idan rijistar ta samu, mayar da ita abin da za a duba a waya aikin kwana kaɗan ne, kuma a shirye muke. Sai dai ba za mu iya rubuta abin da ba a auna ba. Kaka tana zuwa, injunan casa za su tashi, tulin ɓuntu zai sake taruwa a bayan shaguna. Wanda ke da hatimi da ɗakin gwaji ya fito ya auna shi kafin a kawo ashana.