Bincike a Kan Kanta, Shara a Kududdufi

Jama'a, wai shin me kududdufan Birnin Kano suka yi mana da muke binne su da shara? Ramukan nan ba haka kawai suka samu ba. Daga cikinsu kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina gidaje da masallatai, da ita kanta badala, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara tsakanin 1095 da 1134. Da damina kuwa su ke shanye ruwan unguwa kafin ya gangara Jakara. Yau sai a yi ta jibga musu bola, leda da mataccen batir da kwatar gida, in sun cika a yanka filoti a sayar. Assha!

Ambaliya kowa na ganinta. Abin da ido ba ya gani shi ne baƙin ruwan da ke tsatsowa daga ruɓaɓɓen juji, ɗauke da dalma da sauran guba, ya nutse ƙasa ya tarar da rijiyar maƙwabta. Wani zai ce ai gindin kududdufi laka ne, ita za ta tare. Ina! Lakar ai ita aka kwashe aka yi tubali, ramin ma wani lokaci har ya kusa cim ma ruwan ƙasa.

Maganin kuwa ba sirri ba ne. Yumɓu in an jiƙa shi daidai, aka daɓe shi hawa-hawa, ruwa ba ya ratsa shi sai da ƙyar. Ƙwayoyinsa kuma suna da wani maganaɗisu da ke kama dalma ya riƙe. Tun 1999 dokar Tarayyar Turai ta wajabta a sami shinge irin wannan, mai kaurin mita 1 ko abin da ya yi daidai da shi, ƙarƙashin jujin sharar gari, wanda ruwa zai yi shekara guda yana tafiyar da ba ta wuce kamar santimita 3 ba a cikinsa. Amma yumɓu iri-iri ne. Farar ƙasa irin ta Ƙanƙara ba ta kama guba sosai, mai kumbura kuwa tana kamawa, sai dai in ta bushe ta tsattsage. Nan ne aikin masana yake.

To, ina masanan? Suna nan, Allah ya ƙara musu basira. Ana ta gwaje-gwaje a sassan kimiyyar sinadarai da injiniya na jami'o'inmu, a rubuta kundi da Turancin da ko mu sai da ƙamus, a yi masa bango mai kyau, a ɗora a kanta ƙura ta ci. Mai unguwar da ake cike kududdufi a ƙofar gidansa bai taɓa jin labari ba. Magini da mai ginin tukunya, waɗanda da murzawa a yatsa suke gane ƙasa mai danƙo, ba a tambaye su ba.

Malaman kimiyya, gafara dai, digiri kuka nema ko lafiyar rijiya? Hukuma kuma ta hana zuba shara a ragowar kududdufai, ta fitar da juji bayan gari, a daɓe gindinsa kafin a juye ko kwando ɗaya. Mu 'yan Sashen Hausa ga alƙalami a hannu. Ku ba mu kundi guda mu mayar da shi Hausa, a karanta a rediyo, a kai wa masu unguwanni na Jakara da kewayen Kasuwar Kurmi kafin ruwan bana ya sauka.