Ƙwallon guragu: wa ke duba kafaɗar ɗan wasa?

A 2024 Najeriya ta je gasar Olamfik a Faris ta dawo hannu rabbana. Makonni kaɗan bayan haka 'yan wasanmu masu buƙata ta musamman suka je birnin, suka dawo da lambobi bakwai, biyu na zinare. Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167, ta kafa sabon tarihi a duniya. An yi ta yabo a rediyo. Ni dai ban ji wanda ya tambayi yadda jikin irin waɗannan 'yan wasa yake kwana ba.

Aikin lafiya nake yi a matakin farko, kuma a Ruwan Godiya ta ƙasar Faskari na tashi. Daga nan har Ƙanƙara da Sabuwa, duk kasuwar da ka shiga ran ci za ka ga samari a kan keken guragu. Yawancinsu shan inna ce ta kama su suna ƙanana. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayarta daga Afirka a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa yanzu suke kan ganiyarsu. Ga kuma waɗanda harsashin 'yan bindiga ko haɗarin babur ya raba da ƙafa, ko ya taɓa musu laka.

Wasan da ya fi jan su shi ne ƙwallon guragu, wanda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a ƙasar nan a 1988. Mutum ya zauna a kan ɗan katako mai tayoyi, ya sa silifa a tafin hannu, ya tura kansa, ya bugi ƙwallo da hannu. Ina son wasan nan ƙwarai, domin na ga ya janye yaro daga bara ya ba shi abokai da suna. Damuwata tana wajen koci. Sau da yawa tsohon ɗan ƙwallo ne mai kyakkyawar niyya, sai dai duk wanda ya gani zaune ɗauka yake lalurarsu ɗaya.

Mai shan inna yana jin ƙafarsa. Ko ƙaya ce ta soke shi zai sani. Wanda lakarsa ta yanke ba ya ji. Zai iya yini a kan katako, fatar mazaunansa ta saɓule bai sani ba, sai ta zama gyambo mai kwantar da mutum watanni, wani lokaci ma ya zama ajali. Daga inda ya ji raunin zuwa ƙasa ba ya yin gumi sosai, don haka horon tsakar rana a zafin bazara haɗari ne gare shi. Idan raunin yana can sama kusa da wuya, robar fitsarinsa kawai ta toshe, jininsa zai iya hawa farat ɗaya, kai ya sara, fuska ta jiƙe da gumi. Abin yi a lokacin shi ne a zaunar da shi tsaye, a sassauta masa tufafi, a duba robar. Kocin da bai san haka ba zai kwantar da shi yana yi masa fifita.

Shi ma mai shan inna da nasa. Bayan shekaru masu yawa jijiyoyin da suka tsira sukan gaji, ƙarfi ya soma raguwa. A nan “daure, kai namiji ne” ba ta ƙara komai sai lalacewa. Hutu cikin horo yake. Sai kafaɗa. Da ita yake hawa gado, da ita yake shiga makewayi, da ita yake tuƙa keke zuwa wurin sana'a. Ɗan ƙwallo mai ƙafa biyu in ya ji ciwo a kafaɗa zai rataye hannu ya ci gaba da harkarsa, shi kuwa wannan sai an ɗauke shi. Mafi muni, da ciwon ya matsa sai yaro ya nufi kemis ya sha taramol ya koma fili. Ƙwayar tana rufe zafi ne, ɓarnar na ci gaba a ciki, kuma tun watan Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta lokacin gasa.

A asibiti aka haifi irin waɗannan wasanni. Likita Ludwig Guttmann ne ya fara shirya su ga majinyatansa masu ciwon laka a Ingila a 1948. Mu a nan mun ɗauki wasan mun bar likitan a baya.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙananan hukumominmu uku ba mai tsada ba ne. Kowace ƙungiya a haɗa ta da ma'aikacin lafiya ɗaya da zai riƙa zuwa fili. Kowane ɗan wasa a buɗe masa kati: mece ce lalurarsa, yana ji ko ba ya ji, yana da sikila ko farfaɗiya, yaushe aka yi masa allurar tetanus, tunda hannunsa kullum a ƙasa yake. A sayi safar hannu da soson zama, a daɓe fili da siminti mai laushi. Wanda kafaɗarsa ta ƙi lafawa a rubuta masa takarda zuwa Funtuwa, in ta kama har asibitin ƙashi na Dala a Kano, kuma a biya masa kuɗin mota. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma za ta iya tara kococin nan lokacin hutu, likitocin gashin ƙashi su koya musu abin da za su duba kafin su busa usur.