Majanyin Hannu Ba Rowa Ba Ne

Wata al'ada ta yi kaka-gida tsakanin ma'aikata a Ƙaraye da Rogo, kamar sauran garuruwan ƙasar Kano. Da zarar abokiyar aiki ta haihu, sai a buɗe karo-karo a WhatsApp, a tara kuɗi, a aiki mutum birni ya sayo kwali: bargon roba ɗan Sin, bahon wanka, sabulu da hoda. Idan kuwa wata ta keɓe makonni ta harhaɗa ƙyallayen atamfa, ta shimfiɗa auduga a tsakani, ta ɗinka wa jariri bargo da hannunta, sai a bi ta da kallon tausayi, a koma gefe ana raɗa cewa albashi ne bai kai ba, ko kuwa rowa ce. Wannan hukunci jahilci ne sanye da rigar wayewa, kuma ya fi muni a wannan yanki fiye da ko'ina.

Ƙasar da ake yi wa aikin hannu dariya a cikinta ƙasar auduga ce da baba. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a nan, a kai su har Tumbutu da Tarabulus. Zaren waɗannan tufafi daga hannun matan karkara ya fito: su ke gurza, su yi shiɓa, su kaɗa da mazari. Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa ta ƙasar Rogo, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga littafin a 1954. Mai karanta shi zai ga matan da kaɗi da saƙa ke cikin sana'arsu ta yau da kullum, kuma ƙawance a wurinsu alkawari ne da ake riƙewa da kyauta a ranar aure da ranar suna. Jikokin waɗannan mata ne yau ke jin kunyar majanyi saƙin gida.

Ga kuma abin da kwalin kasuwa ya yi wa barka. Kowa ya san farashinsa, don haka kowa na iya auna shi. Mai jego na karɓa tana lissafi a zuci: wance ta kawo na kaza, ranar nata sunan sai an mayar da ƙari. Da ma biki rance ne a al'ada, amma tsadar rayuwa ta mai da shi bashi mai hana barci, har ƙaramar ma'aikaciya kan ci bashi don kada a raina ta. Bargon da aka ɗinka da hannu ba ya hawa wannan sikeli. Ba wanda zai ce nawa ne, domin abin da aka zuba a cikinsa lokaci ne, kuma lokaci shi ne abin da ma'aikaci ya fi ƙaranci da shi. Wadda ta ba da dare ashirin ta fi wadda ta tura kuɗi ta waya cikin minti ɗaya kashewa.

Shi kansa jaririn, wanda ba a shawara da shi, auduga ta fi masa. Tana tsotse gumi, iska na ratsa ta a bazara, idan an ninka ta kuma tana tare hunturu. Bargon roba yana riƙe zafi da danshi a jikin da bai ƙware da daidaita ɗuminsa ba, ga shi bayan wanki kaɗan ya yi gashi ya tsufa. Gwado da majanyi na gida kuwa akan goyi wa da su, a goyi ƙane.

Za a ce ma'aikaciyar zamani ba ta da sukunin allura da zare. Gaskiya ne, ba kowa ke da shi ba. Amma kuɗin karo-karon nan da ake kaiwa Kantin Kwari a sayo kayan waje, me ya hana a kai shi wurin masaƙiya ko tela na cikin gari? Masaƙun Kaduna sun durƙushe, Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007, kuma masu ilimi ba su gajiya da kukan mutuwar masana'antu a taruka. Sai dai wanda ya yi wannan kuka da safe, da yamma ya raina saƙar maƙwabciyarsa, shi ma ya sa hannu a jana'izar. Sana'a ba ta rayuwa da jawabi. Ciniki ke raya ta, kuma 'yan mata ba za su koyi abin da suka ga ana yi wa iyayensu dariya a kai ba.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Ranar suna mai zuwa, idan aka baje kayan barka a tsakar gida, bargon hannu ya cancanci a ɗaga shi sama a faɗi sunan wadda ta ɗinka. Masu tara kuɗin ofis kuma su tambayi kansu, kafin su aika birni, ko babu sauran mai saƙa a unguwarsu.